Akwai Sarkin Sudan a Wurno, akwai Mai Wurno a Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zai ɗan yi tsawo, in yi gyara a kan wani abu da ya fito a shafinku na tarihi makonni biyu da suka wuce. Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara talatin da biyar na yi riƙe da alli kafin in ajiye aiki, kuma ina sayen jaridarku tun lokacin da sai ta kwana a hanya take isowa Sakkwato. Yanzu ido ya yi rauni, jikana ke karanta mini ita a waya. Saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin ta ɗan gida. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Marubucinku ya kawo labarin jihadi, ya kuwa yi ƙoƙari, har ya iso kan takardar nan ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ake kira Wasiƙatu Ahlis Sudan. Nan ne ƙafarsa ta zame. Ya ce wai Shehu ya aika wa mutanen ƙasar Sudan takarda yana neman su kawo masa ɗauki. Wanda ya tsara shafin shi ma ya ɗora nasa a kai, ya manna hoton tutar Sudan mai ja da fari da baƙi da kore a gefen rubutun, don kada mai karatu ya yi shakkar wace Sudan ake nufi.

A majalisarmu ta bayan la'asar aka karanta, ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofar gidana. Cikinmu akwai wani dattijo baduku, ya girme ni da kusan shekara goma, bai taɓa zama ajin boko ba amma ya yi karatun zaure mai zurfi. Da yaron ya kai wurin, sai ya ajiye basillarsa ya ce, "Kai yaro, mi kac ce? Sake karanta muna." Aka sake. Ya yi shiru, can ya buga ƙasa da tafin hannu ya ce, "To mu nan ina muke? Ai wagga ƙasa da muke bisa, ita as Sudan!" Matasan da ke gefe suka fashe da dariya, a zatonsu tsufa ne ya fara taɓa shi. Ni ban yi dariya ba, domin shi ke da gaskiya, jarida ce ta yi kuskure. Dariyar yaran nan ita ta sa na ce wa jikana ya ɗauko biro.

Mu fara da lissafin shekaru, tunda shi ba ya son kai. Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Cikin wannan shekara aka gwabza a Tabkin Kwatto, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, shi kuma ya rasu nan Sakkwato a 1817. A duk tsawon wannan zamani babu wata ƙasa a bakin kogin Nilu da ke amsa sunan Sudan ita kaɗai. Akwai daular Funj da fadarta a Sinnar, akwai sarautar Darfur, ga Kurdufan tsakaninsu. Sai a 1821, Shehu na da shekara huɗu a kabari, rundunar Muhammadu Ali Basha na Masar ta kawo ƙarshen Sinnar, kuma bayan haka ne Khartum ta tashi daga ɗan ƙauye a mahaɗar ruwa biyu ta zama mazaunin gwamna. To wa Shehu zai aika wa takarda a can da wannan suna? Balle tuta, wadda ko shekaruna ba ta kai ba.

Ko ba a duba shekaru ba, abin da ke cikin takardar ya isa shaida. Shehu na jera wa jama'a hukunce-hukunce ne: umarni da kyakkyawa wajibi ne, hani daga mummuna wajibi ne, hijira daga ƙasar kafirci wajibi ce, naɗa Amirul Muminina da yi masa biyayya wajibi ne, hukuncin gari kuwa yana bin hukuncin sarkinsa. Wannan magana ce ga mutumin da ke zaune ƙarƙashin Yunfa Sarkin Gobir, da na Kabi da Zamfara da Katsina da Kano da Zazzau, wanda gobe da safe zai zaɓi inda zai tsaya. Mu aka rubuta wa. Kakanninmu ne ahlus Sudan ɗin. (Af, ita kanta kalmar wasiƙa da muke amfani da ita yau daga wannan kalmar Larabci ta fito, ga shi kuwa da ita nake ba ku amsa.)

Asalin abin mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa nahawu. Sudan jam'i ne na aswad, wato baƙi. Biladus Sudan na nufin garuruwan baƙaƙen mutane. Larabawan da ke rubuta labarin ƙasashe su suka raɗa wa duk abin da ke kudu da Sahara wannan suna, tun daga bakin teku a yamma, wajen kogin Senegal, har zuwa gabas inda Nilu yake. Kishiyarsa bidan, farare, kuma har gobe Larabawan Muritaniya da shi suke kiran kansu. Ibn Battuta da ya shiga daular Mali a 1352, ƙasar Sudan ya ce ya shiga. Malamin nan na Tumbutu, Abdurrahman Sa'adi, ya rubuta Tarihus Sudan wajen 1655, kuma wanda ya buɗe littafin yana neman Khartum zai sha wahala, domin labarin Songhai ne da Jenne da Tumbutu da mamayar da Maroko ta yi musu. Shi kansa Ahmad Baba, wanda mutanen Maroko suka kwashe zuwa Marrakesh bayan wannan mamaya, cikin laƙabobinsa akwai Assudani. Shehu kuma yana da wani littafi da ya rubuta a 1811, Tanbihul Ikhwani ala Ahwali Ardis Sudan, jan hankalin 'yan'uwa game da halin da ƙasar Sudan ke ciki, kuma ƙasar da yake nufi ita ce wadda yake tsaye a kanta.

Sai dai kada in yi wa tarihi kwalliya. Ko a nan cikin gida sunan bai tsaya wuri ɗaya ba, yakan buɗe yakan tsuke. A rubuce-rubucen mutanen jihadi, wani lokaci Sudan duk ƙasashen baƙar fata ne, wani lokaci kuma in sun ce sarakunan Sudan, sarakunan Hausa kawai suke nufi. Sukan ma raba jama'a uku, su ce ga Fulani, ga Buzaye, ga Sudaniyyun, su kuwa na ƙarshen su ne Haɓe. Ka ga kenan mutum biyu na iya zama a sahu ɗaya bayan Shehu, dukkansu mazauna ƙasar Sudan, amma ɗaya ne kawai alƙalami zai kira Basudane. Haka fataken Gadamus da Tarabulus da ke ratso hamada, in ɗayansu ya ce za shi Sudan, Kano ko Katsina ya dosa, Barno kuwa da sunanta yake kiranta. Ni dai a ganina wannan ne abin da ya kamata shafin tarihi ya koya wa yaro: in ya ci karo da sunan, ya tsaya ya tambayi wa ke magana, a wace shekara, kuma yana tsaye ina.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sunan bai ɓace daga kunnenmu ba, muna jinsa kullum a rediyo, tunani ne kawai ba mu yi. Sarkin Kontagora mene ne sarautarsa? Sarkin Sudan. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu, shi ya fara riƙe ta a can, ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya naɗa shi, ya kafa Kontagora a 1864. Har yau mai martaba na Kontagora da wannan suna ake masa kirari, a jihar Neja, ba wanda ya taɓa cewa ya je ya karɓo takardar izini daga Khartum. Gaskiya kuma ɗaya ce, Sudan ɗin da aka ba Nagwamatse ta Kambari ce da Dakarkari da Gwari, kuma jikokinsu ba su manta da irin hawan da aka yi musu ba. Sunan a wurinsu yana da ɗaci. A nan kusa da mu ma, Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da ribaɗinsa, wato sansaninsa na tsaron iyaka, kuma aka rufe shi a ciki a 1837, sarautar garin Sarkin Sudan ce. Marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadan Najeriya a Afirka ta Kudu, ya rasu a ƙarshen 2022, duk ƙasar nan da Sarkin Sudan na Wurno ta san shi. Jaridarku ma ta sha buga sunan haka. Ashe mai shafin tarihi bai karanta shafin farko.

Turawa da suka zo, sunan suka tarar, suka ɗauka. 'Yan mishan ɗin da muka taso muna gani, masu haruffa uku S.I.M. a jikin mota, waɗanda suka riƙe asibitin kutare na Amanawa da asibitin ido na Kano, harafin farko na sunansu a lokacin Sudan ne. Mutum uku suka fara sauka Ikko a 1893 da niyyar shiga cikin ƙasar Sudan, biyu suka mutu kafin a je ko'ina, daga baya aka kafa tasharsu ta farko a Pategi. Wata ƙungiyar, S.U.M., ita ma a lokacin Sudan ce a farkon sunanta, ta fara aiki a Wase a 1904. Da majami'un da suka tsiro daga aikinta suka haɗa kai, da Hausa suka raɗa wa kansu suna, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, sai daga baya suka cire Sudan suka sa Najeriya. Na yi aiki da wani malami ɗan Filato a wata makaranta, ya taɓa nuna mini tsohon katin baftismar mahaifinsa, ga Sudan ɗin nan ɓaro-ɓaro a jiki, alhali tsohon ko Maiduguri bai taɓa wucewa ba.

Ni kaina na sha koyar da sunan ba tare da na bayyana shi ba, laifin da yau nake ganin nawa ne. A darasin labarin ƙasa mukan zana taswirar Najeriya a allo, mu yanka ta ɗamara-ɗamara: kurmi a kudu, sai sabanar Gini, sai sabanar Sudan, sai Sahel can gefen arewa. Sakkwato da Katsina da Kano duk a sabanar Sudan suke faɗawa, ƙasar kuka da gawo da aduwa da tsamiya, ƙasar gero da dawa. Wata rana a aji shida wani yaro mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Sudan ta taɓa cin mu da yaƙi ne?" Na ce masa a'a, suna ne kawai, ya zauna. Amsar rago na ba shi, domin ƙararrawa ta kusa kaɗawa. Wa ya sani, watakila irin yaran da muka sallama da irin wannan amsa su ne yau ke rubuta shafukan tarihi.

To yaya aka yi sunan ya suɓuce mana? Saura kaɗan ma da shi za a kira ƙasar nan. A watan Janairun 1897 wata 'yar jarida Baturiya, Flora Shaw, wadda daga baya ta auri Lugga a 1902, ta yi rubutu a jaridar Times ta Landan tana neman gajeren suna ga ƙasashen da kamfanin Royal Niger ke riƙe da su. Cikin sunayen da ake kiran yankin da su a lokacin akwai Sudan ta Tsakiya. Ta ƙi shi, hujjarta kuwa ita ce in an ce Sudan hankalin mutane zai tafi ga yankunan da Faransa ke riƙe da su ko ga rigimar kogin Nilu, sai ta kawo Najeriya daga sunan kogin da mu muke kira Kwara. Ka lura, Malam Edita, ruɗanin da ta hango shekara ɗari da ashirin da wani abu da suka wuce, shi ne ya kama marubucinka. A 1900 aka kafa Najeriya ta Arewa, a 1914 aka haɗe ta da Kudu, mu kuma muka kwana Sudaniyyun muka tashi 'yan Najeriya ba tare da an tambaye mu ba. Ba ƙorafi nake ba. Duka biyun baƙi suka raɗa, ɗaya ya dubi fatarmu, ɗaya ya dubi ruwanmu.

Faransawa su sun riƙe sunan sosai. Ƙasar da yau muke kira Mali, Sudan ta Faransa ce a zamanin mulkinsu, jam'iyyar Modibo Keita ma da Sudan ake kiranta. A 1958 ta zama Jamhuriyar Sudan, alhali tun 1 ga Janairun 1956 akwai wata Jamhuriyar Sudan mai 'yanci a Khartum. An yi ɗan lokaci kenan da takwarori biyu a nahiya ɗaya, ɗaya fadarta Bamako ɗaya Khartum. Sai da haɗin gwiwarsu da Senegal ya watse, sannan a ranar 22 ga Satumban 1960, kwana tara kafin mu mu karɓi namu 'yancin, na Bamako suka ajiye sunan suka ɗauki na tsohuwar daular Mali. Irin wannan ɗauke-ɗauken suna ba baƙon abu ba ne a lokacin. Gana ta ɗauki sunan daular da kangon birninta ke Muritaniya, Dahomi ta koma Benin a 1975 alhali birnin Benin yana Najeriya. Ta haka dai kowa ya zame, sunan da ya rufe rabin nahiya ya rage a hannun mutanen Nilu, su ma a 2011 suka raba shi biyu da Sudan ta Kudu ta ɓalle ranar 9 ga Yuli.

Ko su ɗin ba da daɗin rai suka fara karɓarsa ba. A farkon mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, wanda ya soma a 1899 bayan an murƙushe mutanen Mahadi a Omdurman, ɗan babban gida a bakin Nilu da sunan ƙabilarsa yake alfahari. In ka ce masa Sudani ka zage shi, domin a bakinsu kalmar ta fi karkata ga bayi da 'ya'yan bayi. 'Yan bokonsu masu neman 'yanci ne suka ɗauke ta daga ƙasa suka kaɗe mata ƙura suka mai da ita sunan kowa. Na yaba musu a kan wannan, kuma ban zo in ce su maido mana ba. Sun sha wuya a kan sunan, suna kan sha.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai fiye da kuskuren jarida na yau da kullum. Ranar 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, ya kama hanyar gabas, jama'a suka yi ta barin gonaki da gidaje suna bin sa. Cikinsu akwai ƙanin kakana, saurayi ko aure bai yi ba. Kakana ya so bi, uwarsu ta riƙe rigarsa ta ce ba za ta rasa biyu a rana ɗaya ba. A Burmi aka tare su, aka kashe Sarkin Musulmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara tare da ɗaruruwan mutanensa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya bayan ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka dangana da bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, suka kafa gari. Sunan garin har yau Mai Wurno. Ka ji ikon Allah, akwai Sarkin Sudan a Wurno, akwai Mai Wurno a Sudan.

Ba su kaɗai ba ne. Kafin jirgin sama, alhazanmu a ƙasa suke tafiya, ta Barno, ta Wadai, ta Darfur, ta El Obeid, har bakin Bahar Maliya su tsallaka Jidda. Tafiyar shekaru ce, mutum ya tsaya ya yi ƙodago ya tara guzuri ya ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun Hausawa da Fulani da Barebari ya yi aiki a cikinsu ba kaɗan ba, da yawa kuma nan tafiyar ta ƙare musu, suka yi aure suka hayayyafa. Ilimi ma ya bi wannan hanya, ta dawowa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 malamai daga Sudan aka ɗauko mata, kuma marigayi Sheikh Abubakar Gumi, ɗan tsohon lardin Sakkwato, ya yi karatu a Bakhtar Ruda. Saboda haka in marubucinku na son ya nuna zumuncin da ke tsakaninmu da Sudan ta yau, ga abin faɗi nan buhu-buhu, bai buƙatar ya ƙaga wa Shehu ɗan aike.

Shekarar da na sauke farali, a Makka, Allah ya haɗa ni da jikan wancan ƙanin kakan nawa. Ta hanyar wani mai sayar da shayi aka yi ta tambaya har aka gano. Da ya buɗe baki sai na ji Sakkwatancin kakata, irin wanda yanzu ko a ƙauye ya fara wuya, yana gauraya shi da Larabci. Muka zauna muna ɓare gyaɗa, ya ce mini a can ful sudani ake ce mata, wato waken Sudan, muka yi dariya, don ni a sanina dalar gyaɗa a Kano take. Daga nan hira ta yi nauyi. Ya ce a ƙasar da aka haife shi, aka haifi ubansa, Fallata ake kiransu, Bahaushe ne kai ko Bafulatani ko Babarbare duk ɗaya. Ya ce mahaifinsa ya sha zirga-zirga kafin ya sami takardar zama ɗan ƙasa, jinsiyya suke ce mata, domin sai ka kawo shaidar kakanka na ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Na dube shi na rasa abin cewa. Mutumin da Shehu ya kira kakanninsa ahlus Sudan tun Khartum na ƙauye, shi ake tambaya ya tabbatar shi Basudane ne.

A kasuwar Makka kuwa ni da shi duka Takari ne. Wannan ma wani sunan ne da ya yi irin wannan yawo. Takrur tsohuwar masarauta ce a bakin kogin Senegal, wajen Futa Toro inda Toronkawa, dangin Shehu, suka fito. Mutanen Masar da Hijaz suka shimfiɗa sunan a kan duk baƙin da ya zo daga yamma, har Muhammadu Bello ya sa shi a sunan littafinsa na tarihin jihadi, Infaƙul Maisuri fi Tarihi Biladit Takruri, a 1812. Sunan da Sarkin Musulmi ya ɗora a goshin littafinsa, yau in aka ce wance Takari ce, ana nufin ta maƙale a Saudiyya ba takarda tana gudun askar, wato 'yan sanda. Wannan magana ce ta wata rana.

Ɗan'uwan nan nawa ya riga mu gidan gaskiya, amma muna waya da 'ya'yansa. A watan Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Oktoba, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka. Tushen maganar dai shi ne wa ke ɗan ƙasa, wa ke baƙo. Ba a gama wannan makoki ba sai ga yaƙin 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Jikan nawa da ke riƙe da biron nan yana karatu a Khartum lokacin. A mota aka kwaso su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a rana a bakin iyaka kafin a bar su su shiga, daga Aswan jirgi ya kawo su Abuja. Ya dawo da jaka ɗaya, takardunsa na can. Shi ya sa da dattijon nan ya buga ƙasa ya ce nan ce Sudan, yaron bai yi dariya tare da sauran ba. Da dare ya same ni ya ce, "Alhaji, kenan daga Sudan na gudo na dawo Sudan?" Na ce masa haka ne, sai dai ta nan ta girmi ta can da suna.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne, kuma ba masu tsada ba. Na farko, ku buga gyara a wannan shafi, da girman rubutun da kuka buga kuskuren, kada a ɓoye shi a lungu ƙarƙashin tallar magani. Tunda rubutun yana nan a intanet, yara kuma daga can suke kwafo aikin makaranta, ku cire tutar nan. In hoto kuke so, ga Hubbare, ga Degel, ga Gudu. Na biyu, duk lokacin da za ku fassara tsohon littafi kuka tarar da wannan kalma, ku rubuta ƙasashen baƙar fata, ko ƙasar Hausa in ita ake nufi, ko kuwa ku bar ta yadda take ku ƙara layi ɗaya na bayani. Layi ɗaya ya isa. Ni da na hana ɗalibina wannan layin, ga shi yau ina biyan bashi da shafi guda.

Shi kuma marubucin, ka gaishe shi, ka ce masa ban raina ƙoƙarinsa ba, matashin da ya zauna ya rubuta tarihin jihadi da Hausa a wannan zamani abin a riƙe ne. In Allah ya kawo shi Sakkwato, ya fara biyawa ta gidan adana tarihi na Waziri Junaidu ya ga rubutun mutanen da idonsa. In ya fito ya tambayi majalisar tsofaffi da ke ƙarƙashin dogon yaro, ba mu tashi sai an kira magariba. Akwai fura. Dattijon baduku ya ce in gaya maka yana da sauran magana da shi a kan Tabkin Kwatto, wai can ma akwai inda bai gamsu ba.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin makaranta,
Cikin garin Sakkwato.